Yumɓu a Layi na Bakwai

Ranar da Dogo ya fara aikin jan waya a tawagar masu neman ma'adinai, ya yi tuntuɓe da igiyar na'ura har ta fizge. Budurwar da ke duba allon ta ɗago kai.

"Malam, ƙafar nan taka ce ko aro ka yi?"

Ita ce Injiniya. Aikinsu su shimfiɗa waya a ƙasa, su sakar mata lantarki, na'ura ta nuna inda abin da ke binne ya amsa. Dogo bai gama sakandare ba, shekara shida ya yi yana haƙar rijiya. Kafin wata uku tana koya masa karanta allo, shi kuma yana kiranta Fitilata.

Da maganar aurensu ta taso, babanta ya ƙi. "Mai jan waya? Ba da 'yata ba."

Dogo bai karaya ba.

A layi na bakwai na wayar da suka shimfiɗa, na'urar ta amsa da ƙarfi. Injiniya ta ce wa shugaban aiki ma'adini ne, a kawo injin haƙa. Dogo ya murza ƙasar da tururuwa suka fitar, ya girgiza kai.

"Ranka ya daɗe, jiƙaƙƙen yumɓu ne. Shi ma yana ɗaukar lantarki."

A gaban kowa ya faɗa. Kwana huɗu ko gaisuwarsa ba ta amsa ba.

Ya tura mata saƙo: "Fitilata, gara fushinki da in ga sa hannunki a kan kuskure."

Ta mayar: "Ka kunyata ni. Ka kawo hujja ko ka goge lambata."

Ya ɗauki diga da shebur. Sati guda yana haƙa a wurin shi kaɗai, tafukansa duk sun yi kanta. Da ramin ya kai zurfin gaba shida ya ciko bokiti da yumɓu mai danƙo, ya dire a gabanta.

Ta daɗe tana kallon hannayensa. Ta gyara rahoton, sannan ta ce, "Je ka yi wanka. Wurin Baba za mu."

Tsohon ya saurari labarin, ya ƙare wa Dogo kallo.

"Kai ne ka ƙaryata 'yata a gaban mutane?"

"Ni ne, Baba. In ta kama gobe ma zan yi."

Dariya ta ƙwace wa tsohon. "Tun tana rarrafe ba wanda ya taɓa iyawa a gidan nan. Turo min manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Baban ya dafa kawunansu ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya bar ku kuna faɗa wa juna gaskiya."

"Amin," in ji amarya, tana hararar angonta. "Amma a cikin ɗaki."