Farar Rigar Nas Roseline

Ranar Litinin da hantsi aka bugo wa Sufeto Azariya waya daga Jere. An tsinci gawar wata budurwa a gefen titin Abuja. Masu sayar da doya sun ce da idonsu suka ga ta buɗe ƙofa mota na gudu, ta faɗo. Motar ba ta tsaya ba.

A aljihunta akwai takardar ɗaukar aiki: Milka Yafet, daga Madakiya, za ta riƙa shara a wani asibiti a Abuja. Mai sa hannu, Nas Roseline Kaleb. Sufeto ya bincika, babu asibiti mai wannan suna.

A Madakiya ya tarar da mahaifin Milka zaune a kan buhun citta, gida cike da masu gaisuwa.

"Baba, wa ya tafi da ita?"

"Nas ɗin. Ta zo majami'a da farar riga, ta yi addu'a da zumuntar mata, ta ce ita 'yar Fadan Kagoma ce. Har katin aikinta na riƙe da hannuna. Yallaɓai, da ba nas ba ce, zan ba da 'yata?"

Sakataren majami'a ya tura masa a waya hoton nas ɗin da aka ɗauka ranar.

A Fadan Kagoma ya sami Mama Keziya, uwar Roseline. Ta ja shi bayan gida, ta nuna masa kabari.

"Ga Roseline nan. Shekara uku ke nan."

Ya nuna mata hoton. Tsohuwar ta daɗe tana kallo.

"Wannan Emilia ce, ƙawarta. Ita ta roƙi rigar da katin, wai don tunawa."

Emilia tana da ɗan ofis kusa da tashar jirgin Kafanchan, inda take samo wa mutane aiki. Ta tarbe shi da fara'a.

"Oga, ni ko hanyar Madakiya ban sani ba."

"Roseline Kaleb fa?"

"Ban taɓa jin sunan ba."

Ya ajiye wayar a gabanta, hoton a buɗe. Fara'ar ta gushe.

"Suna kawai na ara," ta ce a hankali. "Kowa a sana'ar nan haka yake yi. Wa zai ba Emilia 'yarsa? Amma nas, ko tambaya ba sa yi. Kuma aiki ai aiki ne."

"Wane aiki?"

Ta kau da fuska.

"Na ce wane aiki?"

"Otal ne. Zama da baƙi." Ta sunkuyar da kai. "A mota direba ya yi suɓutar baki. Milka ta ce a sauke ta, na ce ya ƙara wuta. Ban ture ta ba, Oga, Allah ya sani."

"Kin waiwaya?"

"A'a."

"Su nawa kika kai da sunan matacciya?"

"Goma sha ɗaya."

Ya tura mata takarda da biro. Sai da ta rubuta sunayen duka, kowace da ƙauyenta, sannan Saja Joanna, abokiyar aikinsa, ta sa mata ankwa ta fita da ita.

Sufeto ya tsaya yana karanta jerin. A na bakwai ya dakata. Ƙauyen su Sufeto ne, kuma ya san gidan. Jiya-jiyan nan bayan sujada a majami'a uwar yarinyar ke faɗa masa cewa 'yarta na aikin asibiti a Abuja.