Abin da Aka Rubuta a Bayan Buhu

A garin Lipa akwai wata yarinya mai suna Liway. Shekarunta goma, tana aji biyar. Kunya ce da ita ba kaɗan ba. Ko ƙafa aka taka mata a coci, ita ce za ta fara ba da haƙuri.

Liway tana da wani farin kare, sunansa Bulak. Tun yana ɗan kwikwiyo ta tsince shi a bayan makaranta. Shi ke raka ta bakin titi da safe, shi ke tarbar ta da yamma.

To, damina na kamawa sai Bulak ya fara susa. Ya soshi kunne, ya soshi ciki, ya ciji ƙafa. Gashin bayansa ya riƙa zubewa, fatar ta yi jawur. Kare mai son wasa ya koma kwanciya ƙarƙashin benci yana kuka ƙasa-ƙasa. Abin gwanin ban tausayi.

Wata rana mahaifinta, wanda take kira Tatay, ya daɗe yana kallon karen. Sannan ya ce, "Liway, ƙaninki ya fara rarrafe. Ba zan bar shi yana birgima cikin gashin kare marar lafiya ba. In Bulak bai warke ba, gonar kwakwar kawunki Ambo zai koma."

Liway ta san wurin. Gonar tana da nisa, tafiyar awa huɗu ce a mota. Karnukan can kuwa a ɗaure suke wuni, a ɗaure suke kwana.

Mahaifiyarta, Nanay, ta ce, "A bari mu kai shi wurin likitar dabbobi tukuna."

Likitar ta duba kunnuwan Bulak da tafin ƙafarsa. Ta ɗan kankari fatarsa ta duba a madubin aikinta.

Ta ce, "Ba ƙazuwa ba ce, ba kuma ƙuma ba ce. Ba zai shafa wa jariri ba. Ina zargin kaza ce ba ta karɓe shi ba."

Liway ta ce, "Kaza kuma, Dakta? Ai ita ya fi so."

Likita ta yi dariya. "Ni ma jatan lande na fi so. Amma in na ci, leɓena sai ya kusa taɓa hancina. A nemo masa busasshen abincin karnuka na kifi zalla. Sati shida, kada ya ci komai sai shi. Kuma ki ji ni da kyau, kada hoton gaban buhu ya ruɗe ki. Ki juya bayansa, ki karanta duk abin da aka zuba a ciki."

Da suka koma gida Tatay ya ce, "Na ji. Sati shida. In bai warke ba, likita ba ta gano ciwon ba ke nan."

Washegari Nanay tana fama da ɗinkin mutane a kan keke, sai ta aiki Liway kasuwa. "Je ki wurin Aling Pacing. Kilo biyu. Ki ce ta juya miki buhun ki karanta."

Aling Pacing tsohuwa ce mai sayar da shinkafa da abincin dabbobi. Shekara goma sha biyar ke nan gidan su Liway ba su sayen awo wurin kowa sai ita. Ba ta taɓa auna musu abu ba ta yi gyara ba. Buhunan abincin karnukanta suna jere a buɗe, an naɗe bakinsu, bayansu na jingine da bango.

Tana ganin Liway ta ce, "A'a, 'yar Nanay ce yau a kasuwa? Me za a ba ki, 'yata?"

"Abincin kare, Aling Pacing. Na kifi, wanda babu kaza."

"Ga shi nan, kin ga kifin a jiki, har da jelarsa. Shaƙa ki ji." Ta ɗebo da hannu ta kai mata hanci. Ƙarnin kifi kuwa ya bugi Liway.

Liway ta dubi buhun. Ƙato ne, ya kai mata ƙirji. Ta dubi tsohuwar, ga layin mutane a bayanta. Yaya za ta ce wa sa'ar kakarta ta juya wannan buhu? Ai kamar ta ce mata maƙaryaciya ce. Maganar ta zo mata har baki, ta haɗiye ta.

Aling Pacing ta auna kilo biyu a leda, ta ƙara mata cikin hannu guda. Liway ta yi godiya ta tafi.

A gida Nanay ta tambaya ba tare da ta ɗago daga keke ba, "Kin karanta?"

Liway ta ce, "E, Nanay."

Kalma ɗaya ce tak, amma ta tsaya mata a rai har dare.

Bulak ya ji daɗin sabon abincin. Yana cinye kwanonsa tas. Liway ta riƙa gaya wa kanta cewa ai komai lafiya. Leda ta ƙare, ta koma ta sayo daga buhun nan dai, nan ma ba ta tambaya ba.

Sati uku suka wuce, susa sai abin da ya ci gaba. Bulak ya soshi kunnensa har ya yi jini. In Liway ta shafa kansa, sai ya lashi hannunta ya koma yana cizon ƙafa.

Ranar Alhamis da yamma suna cin abinci, Tatay ya ajiye cokali. Ya ce, "Mun hana shi kaza sati uku, abin ƙaruwa yake. Ba sai mun jira shida ba. Na yi waya da Ambo, jibi zai zo da motarsa."

Liway ta sunkuyar da kai. Hawaye suka zubo mata cikin faranti.

Ta ce, "Tatay, ban karanta ba."

"Ba ki karanta me ba?"

"Bayan buhun. Kunyar Aling Pacing na ji. Kuma na yi wa Nanay ƙarya."

Nanay ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi yi wa Liway ciwo. Ta dai ce, "Kin ji kunyar mai baki, kin bar marar baki yana shan wahala. Gobe bayan makaranta za mu koma. Ni zan tsaya a gefe, ke za ki yi magana."

Haka kuwa aka yi. Liway ta tsaya gaban rumfar Aling Pacing.

"Aling Pacing, don Allah ki yi haƙuri. Ba wai ban yarda da ke ba ne. Ina so in karanta bayan buhun nan, saboda kaza tana sa wa karena ƙaiƙayi."

Tsohuwar ta riƙe haɓa. "Shi ne kike ta rawar murya kamar kin zo neman aure? 'Yata, ni wannan ƙananan rubutun rabona da ganinsa tun kafin a haife ki. Hoto nake bi. Ke da kike da idanu biyu garau, kika yi shiru? Kama nan mu juya."

Suka kama buhun su biyu, suka juya shi. Liway ta durƙusa ta bi layin da yatsa.

"Masara. Garin naman kaza. Kitsen kaza." Ta yi ta bi har ƙarshe. "Sai ɗan man kifi don ƙamshi."

Aling Pacing ta ce, "Oh ni. Ashe kaza ce ta sa rigar kifi. Juyo na gaba."

Suka juya na biyu, akwai kaza. Na uku ma haka. Wata mata da ta zo sayen shinkafa ta ajiye kwandonta tana saurare, don ita ma karenta na susa. Sai a wata 'yar jaka da ke ajiye a saman kantar rumfar, wadda ba a buɗe ba, Liway ta karanta kifi, shinkafa, dankali da man kifi. Ta karanta sau biyu. Ta miƙa wa Nanay, ita ma ta karanta. Babu kaza ko kaɗan.

Aling Pacing ta ce, "Ɗauki wannan a rufe. Gwangwani ɗaya nake ɗibar duk sauran da shi, kada ya gauraya miki."

Da suka dawo, Liway ta kai wa Tatay jakar. Ya sa tabarau ya karanta, ya dube ta.

Ya ce, "Ƙaryar ce ta ɓata mini rai, ba kuskuren ba. Amma kin faɗi gaskiya da bakinki. Za mu fara ƙirga sati shidan daga yau." Ya ɗauki waya ya ce wa Ambo kada ya ɓata man motarsa.

Satin farko Bulak bai daina susa ba, kuma Liway ta sha fargaba. A sati na uku jan fatar ya fara dusashewa. A na biyar, sabon gashi fari mai laushi ya tsiro a bayansa. Ranar da aka cika sati shida, Tatay da kansa ya zauna a bakin ƙofa, jariri a cinyarsa, yana sosa wa Bulak wuya.

Ya ce, "Wannan karen ba inda za shi."

Liway ta rungume Bulak tana dariya, hawaye na zuba.

Tun daga ranar ta gane cewa tambaya cikin ladabi ba rashin kunya ba ce. Kuma duk wanda aka ba amanar marar baki, dole ya buɗe nasa bakin dominsa.