Ta Shida A Layi

A bakin tsohuwar tashar jirgi Taesik ya fara ganinta, inda aka cire dogo aka shimfiɗa hanyar keke a gurbinsa. Ta kifa kekenta, ta zaro tub tana neman inda ya huje.

"Kawo in taimaka miki," in ji shi.

Boram ko ɗagowa ba ta yi ba. "In aiki kake so, riƙe min famfo."

Ya riƙe famfo. Kafin ya gama kallon hannunta ta yi faci, ta mayar da taya, ta goge yatsunta a wando. Shi da yake da shagon gyaran keke a garin Yangpyeong, ranar bai ambaci sana'arsa ba. Lambar waya kawai ya roƙa, ita ma sai da ya bi ta kilomita goma sha biyu ya samu.

Kafin shekara ta zagayo tana kiransa Yaya, shi kuma yana ce mata 'Yar Faci.

Matsalar tana gida. Mahaifinta, tsoho Gwak, shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a taragon ƙarshe na jirgin da ke bin wannan hanya kafin a tashe ta. Bai taɓa yafe wa masu keke ba.

"Ƙaton namiji yana yawo da matsattsen wando," in ji shi. "Hanyar da muka ci wuya a kanta sun mai da ita filin wasa. Wannan ne zan ba 'yata?"

"Baba, ka gan shi mana tukuna."

"Na ga irinsu. Suna wucewa ta ƙofar gidana kullum."

Da sanyi ya shigo, Taesik ya fara shirya wa ƙungiyarsu ta 'yan keke tafiyar kwana huɗu a watan Janairu, daga tsohon dogon su bi gaɓar kogi har kudu, mutum shida. Boram kullum ita kaɗai take hawa, ba ta taɓa tafiya cikin ayari ba. Ta dai ce za ta. Tsohon ya ce ba da yawunsa ba.

Duk Asabar da rana suna haɗuwa a shago, su zagaye murhu da gasasshen dankali, ana duba taswira. A nan Miran ta ɓullo, sabuwar shiga, mai siririyar murya da keke mai tsada da ba ta san kansa ba.

"Yaya, wace safar hannu zan saya?"

"Yaya, duba min sirdina, ya yi tsawo."

Shi kuma ya tashi ya duba. Har hannunta ya kama ya gwada da safa. Boram tana zaune tana ɓare dankali, ta ɓare shi har ya ƙare ba ta kai baki ba.

Da ta koma gida ta tura masa saƙo: "Ban san kana da ƙanwa ba. A gaishe ta."

Ya amsa: "'Yar Facina, sabuwa ce, ba ta san komai ba. Ni ke kaɗai nake gani. Kin sa mai a sarƙar kekenki?"

"Na sa. Je ka sa wa ƙanwarka."

Yaran yanzu haka suke. Abin da za a zauna a faɗa da baki sai a danna shi da yatsa, kowa ya fassara yadda ransa ya ba shi.

Saura kwana takwas a tashi ya raba musu takardar tsari. A shafin ƙarshe ya rubuta yadda za a jera a hanya. Na ɗaya Taesik. Ta biyu Miran. Boram ta bi da yatsa har ƙasa kafin ta ga sunanta, ta shida, da ɗan rubutu a gefe: jakar kayan gyara da usur.

"Ni ce a bayanka, Yaya?" in ji Miran tana dariya. "Ka tare min iska fa."

Boram ta naɗe takardar, ta ɗauki hularta ta fita. Tana tsaye a bakin titi ta rubuta:

"Kwana huɗu tana manne da bayanka, ni ina can ƙarshe da kaya kamar jaki. Na gane matsayina. Ku sauka lafiya. Kar ka ƙara kirana."

Ya rubuta: "Boram, ba haka ba ne. Ɗauki waya in yi miki bayani." Ba ta buɗe ba.

Kwana uku tana gida, ba ta hau keke ba, abinci sai ta tsakura. Tsoho Gwak ya samu abin da yake so, amma bai ji daɗinsa ba. Ran na huɗu da safe ya tsinci takardar a ƙarƙashin teburin cin abinci, ya sa tabarau ya fara karantawa don ya samu abin zagi.

Da ya kai tsakiyar takardar ya ƙwala wa Boram kira.

"Zo nan. Wa ya gaya masa kogo na huɗu da dogo ya ratsa ta cikin dutse yana yoyo ta bakin kudu?"

"Zuwa ya yi ya duba. Sau biyu."

"Ya rubuta a sauka a tura keke, ruwan yana daskarewa. Haka ne. Tun zamaninmu yake yoyo." Ya juya shafi. "Gadar ƙarfe ma ya ce kar a hau kafin rana ta buge ta. To ke kukan me kike yi?"

Ta nuna masa jerin sunaye.

Tsohon ya cire tabarau ya dube ta. "Ni a ina na yi aikina?"

"A taragon ƙarshe."

"Shekara talatin da ɗaya. Kina nufin raina ni aka yi? Direba gabansa kawai yake gani. Na baya shi ke ganin jirgi gaba ɗaya. In wani abu ya ɓalle, shi zai sani, shi zai ja birki. Ba a sa rago a can. Wannan ta biyun, ta iya hawan tudu?"

Boram ta sunkuyar da kai. "Turawa take yi."

"Shi ya sa ya ajiye ta kusa da hannunsa. Ya ba ki ran mutum biyar, har da nasa, kin zo kina jiƙa min matashin kai. Kira min shi."

Taesik ya zo da wandon mutunci da kwalin 'ya'yan itace, ya durƙusa har goshi. Tsohon bai ce ya zauna daidai ba.

"Me ya sa ka sa 'yata a baya?"

"Baba, in ina gaba ba na ganin kowa. Ita kaɗai ce in tana baya ba sai na waiwaya ba."

"Ka gaya mata haka?"

"Na ɗauka ta sani."

"Ka ɗauka. Ka iya rubuta inda ruwa ke ɗiga a cikin dutse, ba ka iya buɗe baki ka gaya wa mace dalilinka ba. Ku biyun babu mai wayo."

Boram tana bakin ƙofa ta ce, "Ai hannunta ma ya kama."

"Safa na gwada mata."

"Ni ka taɓa gwada min?"

"Ke za ki bari?"

Tsohon ya yi gyaran murya, ya jawo biro, ya ƙara wuri biyu a takardar inda ya ce iskar kogi tana ture mutum. Sannan ya miƙa masa. "In ka dawo min da ita da yatsunta goma, ka turo manyanka."

Suka tafi ranar da aka sa, dusar ƙanƙara ta rufe gonaki, numfashi yana fita kamar hayaƙi. Boram ta riƙe baya yadda ya kamata, babu wanda ya ɓace, babu wanda aka bari. Amma kar wani ya ce muku kishi ya warke. Kwana huɗu idonta yana kan jar rigar Miran. Da tayar Miran ta matso kusa da ta Taesik sai a ji usur daga baya.

"Lafiya?" sai ya tsaya ya tambaya.

"A ba da tazara. Hanya da santsi."

Ran nan babu ko ɗigon ƙanƙara a kan hanyar. Sauran ukun suka yi ta kallon kogi suna danne dariya.

Aka yi biki a watan Mayu. Tsoho Gwak da kansa ya riƙo hannunta ya kai ta gaban ango. Da suka durƙusa gaishe da iyaye, aka watsa musu magarya a farin zane don neman 'ya'ya, ya ce wa angon, "Ka riƙa yin bayani tun ba a tambaye ka ba." Ya juya ga 'yarsa. "Ke kuma ki riƙa ɗaukar waya."

Saura jifan fure, inda amarya ke jefa damin furenta wata budurwa ta cafe. Amarya ce ke zaɓar wadda za ta cafe, kuma kowa ya san abin da ake cewa: wadda ta cafe, in ba ta yi aure cikin wata shida ba, ta shiga dogon jira. Ƙawayen Boram duk sun sa rai. Ita kuwa ta leƙa cikin taro ta yafito Miran.

Miran ta fito da murna, ta cafe. Boram ta rungume ta, ta yi murmushi don mai hoto, ta ce mata a kunne, "Wata shida gare ki. Ki yi sauri."

Taesik ya ji. Ya matse hannun matarsa, ya yi shiru, wanda shi ne wayon farko da na ga ya yi.

Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su 'ya'ya masu jin magana, ya kuma kawo wa Miran nata mijin da wuri, kowa ya huta.