Amaryar Da Goggo Ta Kai Madina

"Ba amaryad da ka kai kanta ɗakin miji, Rauda. Kuma ba mai tsira miki allurag ga ina da rai."

Goggo Baiwa ta faɗi haka tana tsince tsakuwa a faifan shinkafa, ko kai ba ta ɗago ba.

Rauda ta durƙusa a gabanta, idanunta sun yi jajir.

"Goggo, an hwa buɗe hanya. Jirage na tashi..."

"Su tashi lahiya."

An ɗaura auren Rauda da Ikrima a nan Argungu a shekarar da korona ta rufe duniya. Ango yana Madina, ma'aikacin jinya ne a wani asibiti, baffansa ne ya karɓar masa auren. Kowa ya ɗauka wata ɗaya ko biyu zai iso. Damina biyu ta wuce, amarya tana zaune a ɗakin Goggo da igiyar aure a kanta, mijin kuwa sai a waya. Yanzu da rigakafi ya yawaita aka sassauta doka, Ikrima ya nema mata biza, ya nema wa Goggo ta Umra don ta rako ta. Sharaɗin ɗaya ne, sai an yi musu allurar.

Goggo kuwa ita ta goyi Rauda tun ranar da mahaifiyarta ta rasu, kuma Allah bai taɓa ba ta haihuwa ba. Da ta ji ana raɗe-raɗin allurar tana kashe mahaifa, sai ta kafe. Goggo in ta kafe, duk Argungu babu mai motsa ta.

Da yamma Ikrima ya kira. Rauda ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

"Rauda tawa, kuka kika yi?"

"A'a, Yaya."

"Ƙarya ba ta yi miki kyau, hasken idona." Sai ya kawo maganar mahaifiyarsa. "Hajiya tac ce in ba ki taho ba kahin azumi, in sawwaƙe miki. Wai an riƙe mata ɗa ba aure ba saki."

Rauda ta ƙara manna wayar a kunne.

"Mi kac ce mata?"

"Na ce ina son matata. Amma uwa ta, Rauda... ban san iya inda zan kai ba."

Ta kifa fuska a filo. Tana son mutumin nan son da ita kanta yake ba ta tsoro, ga shi za ta rasa shi tun ba ta taɓa ganin ƙofar ɗakinsa ba.

Akwai kuma Zuhura, 'yar ƙanwar Hajiya, wadda ta taso tana ganin Ikrima nata ne. Kwanan nan zumunci ya motsa mata. Kowane mako sai ta yi sammako daga Nasarawa a Birnin Kebbi, ta zo da lemo da labarai.

A makon nan ma ta zo, ta zauna dab da Goggo tana kaɗa kai.

"Goggo, kak ki yarda. Wata maƙwabciyarmu tun da anka yi mata, ko ɓatan wata ba ta sake yi ba."

"Allah shi kyauta," in ji Goggo, jikinta ya yi sanyi.

Da Zuhura ta miƙe za ta tafi, Goggo ta kamo damtsenta na hagu.

"Haba, zamna ki ci tuwo tukun..."

"Wash!"

Ƙarar da ta saki har kaji suka watse. Goggo ba ta sake ta ba. Ta yaye gyalen a hankali. Damtsen ya kumbura ya yi zafi, ga ɗan ɗigon allura a tsakiya, irin wanda ta sha gani a hannun maƙwabta.

Goggo ta danna wurin da ɗan yatsa.

"Mi as sami hannunki, Zuhura?"

"Goggo, ai... kunama ta..."

"Kunama mai hankali, wadda tas san inda likita ka sokawa." Goggo ta dube ta sama da ƙasa. "Ke kin shirya ma jirgi, kin bar tawa ɗiya zamne tana jiran saki. Ɗauki lemonki."

Zuhura ta fita ko takalmi ba ta sa daidai ba.

Washegari Goggo ta ɗaura zanenta na fita unguwa ta tasa Rauda gaba zuwa asibiti. Ga layi har bakin ƙofa, manoman albasa da masunta da malaman makaranta, kowa ya naɗe hannun riga. Da aka zo kansu, Goggo ta tare gaban Rauda.

"Ni za a hwara yi ma. In na kwan lahiya, gobe a yi mata."

Ta miƙa damtse. Ta runtse ido tana salati da ƙarfi, sai da ma'aikaciyar ta ce, "Goggo, ai an gama tun ɗazu."

Rauda ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ta san har yanzu tsoron yana nan a zuciyar tsohuwar, kuma da tsoron nata ta miƙa hannu.

A hanyar gida Goggo ta ce a hankali, "Na san ɗacin ɗaki ba ɗa, Rauda. Shi na nike guje miki. Amma haihuwa ta Allah ta, shi yab ba ni ke ban yi naƙuda ba."

Suka cika allurarsu ta biyu. Hajiya ta ji labarin damtsen Zuhura, ta aiko da turaren wuta da gaisuwa, maganar saki ba a sake tayar da ita ba.

Ranar tafiya, jirgin ya ɗaga daga Birnin Kebbi da hantsi. Goggo ta damƙe hannun Rauda har sai da ya yi shati. Can ta saci kallon taga, sai bakinta ya buɗe.

Fadamar Zauro ce shimfiɗe a ƙasa, kore shar iya ganin ido, gonakin shinkafa kamar tabarmi da aka jera. Ruwa yana ratsa su yana walƙiya.

"Wanga zare hwa?"

"Gulbin Rima na, Goggo."

"Gulbinmu? Wanda ka cin mutane da damana?" Ta dafe ƙirji. "Allah mai girma. Ashe haka Yake ganinmu, 'yan mitsi-mitsi, kuma bai manta da kowa ba."

Ba ta ɗauke ido daga tagar ba har gajimare ya rufe ƙasa. Rauda ma tsikar jikinta sai tashi take.

A Madina Ikrima yana tsaye cikin masu tarba. Ya rame, furfura ta ɗan tsiro a gemunsa. Da ya hango su ya taho da sauri, Goggo ta ɗaga masa hannu.

"Dakata, ango. Ba a karɓar amarya bisa hanya."

Ta ja mayafi ta lulluɓe Rauda ruf. Haka suka shiga mota, Rauda tana jin ƙamshin turarensa a kujerar gaba.

A ƙofar gidan Goggo ta sa ta yin bisimilla, ta shiga da ƙafar dama. Ta zaunar da ita a bakin gado. Ta tagar ɗakin ana hango hasumiyoyin masallacin Annabi, farare tas cikin rana.

Goggo ta kama hannun Rauda ta ɗora a tafin Ikrima.

"Ga amana. Ita kaɗai gare ni duk duniya."

"Na karɓa, Goggo," in ji shi.

Ta juya za ta fita, Rauda ta riƙe bakin zanenta ta fashe da kuka. Goggo ta sunkuya tana ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, nata hawayen na sauka a kansu.

"Sake ni, ɗiyag ga. Na kawo ki. Bari in tai in gai da Manzon Allah."

Ƙofa ta rufe. Ikrima ya durƙusa ya ɗaga mayafin a hankali, ya daɗe yana kallonta.

"Sannu da zuwa gida, matata."