Katin Masu Tafiya

Ana ruwa a Caracas ranar da Norkys ta fara ganin Argenis. Ya shigo ƙarƙashin gadar masu sayar da tsofaffin littattafai a jiƙe, ya tsaya gaban teburin babanta yana jujjuya katunan da ke ɗauke da hoton ƙofar nasara ta tudun Calvario. Katunan zamanin kakanni ne, duk sun koɗe.

"Wanne ya fi kyau?" ya tambaye ta.

"Duk ƙofa ɗaya ce. Kai dai yaushe ne tafiyar?"

Ta san masu barin ƙasa ne kaɗai ke sayensu, don su tafi da abin tuna gida. Ya sayi kati ɗaya ya tafi. Amma washegari ya dawo, ya riƙa dawowa da wainar masara da ake kira arepa, mai zafi a takarda, yana kiranta 'Yar Gada don a ƙarƙashin gada ya same ta.

Mahaifinta, Don Eleazar, bai yi murna ba. Ɗansa namiji tilo ya tafi Chile neman aiki, can ya rasu, ko gawarsa ba su gani ba.

"Yaron nan jakarsa a ɗaure take," ya ce mata. "Na rasa ɗaya. Ya isa."

Ba a jima ba Norkys ta ji a bakin wata maƙwabciya cewa mahaifiyar Argenis ta aiko masa da tikitin mota daga Lima inda take zaune, har da aiki a shagon wani mai 'ya budurwa da take so ya aura. Norkys ta daina ɗaga wayarsa. Sai saƙo ya shigo:

"'Yar Gada, gaskiya ne, kuma na ɓoye miki don tsoro. Na mayar da tikitin. Mama ta daina yi min magana. Ba ni da kowa a garin nan sai ke."

Ta daɗe tana kuka kafin ta rubuta: "Zo ka faɗa wa Baba da bakinka."

Ya zo. Tsohon ya saurare shi, ya ce, "Ka san babu komai a nan sai wahala?"

"Na sani, Baba. A cikinta nake son zama."

An ɗaura auren a wani ƙaramin coci, rabin kujerun ba kowa. Dangi sai ta waya suka kalla. Ana dab da tashi mahaifiyar Argenis ta kira.

"Ɗana, na huce. Ku matso in sa muku albarka. Allah ya..."

Wuta ta ɗauke, layin ya mutu. Argenis ya tsaya riƙe da wayar, hawaye na zuba.

Don Eleazar ya miƙe da ƙyar, ya dafa kawunansu.

"Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana. Ya bar min ku kusa."