Kwalbar Mai Gwajin Zuma

A can wani zamani, an yi wani mutum mai gwajin zuma. Yana da kwalba ɗaya ta zuma tsantsa, da ita yake auna kaurin ta kowa. Sai ya jefa tsakuwa a tasa, ya jefa wata a ta mai sayarwa. In sun nutse tare, ya ce, "Ta yi." In ta mai sayarwa ta riga, ya ce, "An sa ruwa."

Ran nan kwaɗayi ya kama shi, ya sha cokali ɗaya daga kwalbarsa, ya mayar da cokali ɗaya na ruwa don kada a gane. Kashegari ma haka, har abin ya zama kullum. Tsakuwarsa ta riƙa sauri. Kowa ya kawo, sai ya ce, "Ta yi."

Ana nan sai tari ya kama mahaifiyarsa. Ya sayo mata zumar da shi da kansa ya ce ta yi.

Tsohuwa ta kurɓa, ta miƙo masa ƙoƙon.

Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, na sha ruwan. To, ina zumar?"