Gurbin da Ke Baitin Ƙarshe

Barira na tsakar gida tana dakan gero ta ji mahaifinta, Malam Ɗahiru, yana ta salati a zaure kamar wanda ya ga abin tsoro. A zamanin nan, duk watan Mauludi almajiran ilimi na ƙasar Haɗeja kan kawo masa sababbin waƙoƙinsu a rubuce, ya zaɓi wanda ya fi, a ba shi rawani da damin takarda. To bana, a cikin tarin sai ga wasu waƙoƙi bakwai a kan kogi da ikon Allah, da sunan Inuwa masunci a kai. Inuwan nan ko alif bai iya ja ba, kuma shi aka yi wa baiko da Barira.

Abin da ya ruɗa Malam, rubutun nasa ne sak, har yadda yake karkata wasali. Ya juya takardun ya sake juyawa, har ya fara zargin ko tsufa ne ya sa ya rubuta ya manta. Wani abin kuma, baitin ƙarshe na kowace waƙa da gurbi a ciki, kalma ɗaya babu.

Kawu Gwadabe, wanda dama ƙarnin kifi bai taɓa yi masa daɗi a zuri'a ba, ya ce ai magana a fili take: yaron ya saci takardun Malam ne. Ya rantse in yana raye ba za a ba ɓarawo 'yarsu ba.

Aka kira Inuwa daga bakin ruwa, ya zo da jiƙaƙƙen wando. Ya ce shi bai kawo komai ba, bai ma san ana rubuta irin haukansa ba. Nan kan kowa ya ƙara ɗaurewa: ɓarawon da bai san ya yi sata ba, da mai kayan da bai san an ɗauka ba!

Barira kuwa kwana uku tana kuka a ɗaki. Ita ce ta riƙa jin waƙoƙin ta bayan danga in Inuwa na rera su yana gyaran komarsa ta kamun kifi, ta rubuta da hannun da mahaifinta ya koya mata, ta cusa cikin tarin don a san darajarsa. Yanzu tsoron Kawu ya hana ta buɗe baki, ga aurenta na shirin rushewa.

Ranar taro Malam ya ce a bar rantse-rantse, Inuwa ya rera a ji. Inuwa ya miƙe, ya rera ta farko tiryan-tiryan, Malam na bin takarda da yatsa. Da ya iso gurbin nan bai tsaya ba, sai ya cike shi da “Barira”. Haka ta biyu, haka har ta bakwai.

Malam ya ajiye takardun, ya daɗe yana murmushi.

“Gwadabe, mutum ɗaya na koya wa hannuna a gidan nan. Kuma mutum ɗaya ce kunya za ta hana ta rubuta wannan suna.”

Daga bayan ƙofa aka ji muryar Barira: “Ni ce, Baba. Ku yafe mini, shi ba ruwansa.”

Kawu ya sunkuyar da kai, ya nemi gafarar Inuwa a gaban jama'a. Ya kusa raba masoya saboda gaggawar yanke hukunci, Barira kuma ta gane shirun tsoro kan jefa mai gaskiya cikin wahala. Inuwa da ya yi haƙuri ya sami rawani, bayan girbin shinkafa aka ɗaura aure. Damin takardar kuwa ya miƙa wa amaryarsa, ya roƙe ta kada ta sake barin gurbi.